Injin da Hamma ya jira

Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Jalingo ba, amma a gidanmu na Mayo Gwoi mun san shi a bakin babban wana, wanda muke kira Hamma. Ina 'yar firamare ya tafi aikin layin dogo can nesa. Idan tarago ya kauce daga layi, shi da abokan aikinsa ake turawa su mayar da shi. Da jak na hannu irin na ɗaga mota suke yi, da guntayen katako, fasinjoji na zube a daji suna kallonsu.

Duk hutun da ya zo sai ya ce wa mahaifiyarmu, "Dada, an kusa. Gwamnati za ta sayo mana babban injin ɗaga tarago. Har an ce ni zan koyi tuƙa shi."

"Allah ya kawo shi," in ji ta, ta ƙara masa nono a fura.

Na gama makaranta, na yi aure, na haihu, injin bai zo ba. Wata damina su Hamma suna cikin ɗaga tarago jak ya zame a laka, ƙarfe ya sauko masa a hannun dama. A asibiti aka yanke hannun daga gwiwa. Aka sallame shi, ya dawo gida. Ya gwada noma a bakin rafi, fartanya ta gagare shi. Dada ta rasu tana ba shi haƙuri.

Bara na kai masa abinci da rana, na same shi a inuwar mangwaro da rediyo a cinya. Mai labarai yana cewa gwamnati ta amince a sayo sababbin injuna na ceto jiragen fasinja. Na miƙa hannu zan kashe.

"Bar shi," ya ce.

Ya saurara har ƙarshe.

"Hamma, ko wannan karon da gaske ne?"

"Haka suka faɗa tun ina da hannu biyu. In ma ya zo, wa zai ba ni? Waɗanda muka jira tare, wasu sun mutu, wasu baya ya karye."

Na buɗe masa kwanon, na zuba miya. Ya yi 'yar loma da hagu, ya ture, ya ce in kai wa yara.