Fastar Bazden da Na Bari Ba Suna

Ni ce admin ɗin guruf ɗinmu na ɗaliban Arewa da ke karatu a Dubai, kuma saurin yatsa ne ya ba ni kujerar, ba wani hankali ba. Kafin mutum ya gama rubuta sallama na jefa sitika uku da dariya goma. Yawancinmu 'ya'yan 'yan kasuwa ne, iyayenmu na da shaguna da ofisoshin kargo tsakanin Al Ras da Al Buteen, sun san juna tun daga Kantin Kwari. Abin da aka rubuta a guruf da hantsi, kafin la'asar ana karanta shi a bakin shagon wani Alhaji. Kowa ya san haka, amma ba ya hana mu surutu.

Babban aikina shi ne fastar bazde. Duk wanda ranar haihuwarsa ta zo, ni ke haɗa masa: hoto, fulawoyi, suna da manyan baƙaƙe, kirari a ƙasa. Da na saka, sai kowa ya biyo layi da addu'a yana ambaton sunan. In na manta da mutum har gaba ake yi da ni.

Akwai ƙawata. Tare muka shiga jami'a, lokacin kowa da sunan maza yake kiranta, har ni. Tare muke hawa jirgin metro daga tashar Al Rigga kullum, ita ta koya min shan shayin karak a tsaye a bakin kafteriya, ita ke min asaimen ɗin lissafi ni kuma in ba ta labarin duk wanda ya yi abin kunya a aji. Babanta maƙwabcin Abbanmu ne a kasuwa, shago na kallon shago. Bayan shekara biyu ta bar ƙasar, ta tafi wata mai sanyi, can nesa. Ba ta fita daga guruf ba. Takan leƙo ta ce a ɗauko mata hoton tuwo.

Wata Asabar da rana sai ga saƙonta a guruf.

"Jama'a salam. Ba dogon zance zan yi ba. Ni mace ce, haka nake rayuwa yanzu, kuma ga sunana." Ta rubuta shi. "Ban ce kowa ya yarda da ni ba. In za ku kira ni, don Allah da wannan. Nan ne kaɗai inda nake jin Hausa."

Kana ganin mutane sun fara rubutu, sun goge, sun sake farawa. Sai ɗayan admin ɗin, wani ɗan ajin injiniya da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, ya rubuta tsohon sunan cikakke har da na uba, sau uku a jere.

"An yanka rago da sunan nan," ya ƙara. "Ko ragon ne ya tashi?"

Sitikun dariya suka fara zuba. Ni kuwa yatsana ya riga kaina.

"Kai malam, kai da sunan yankanka ake kiranka? Sunan kakanka aka sa maka, ba mai iya faɗinsa a gidanku. Ni tun da nake ban taɓa jin Ummanmu ta kama sunan yayanmu ba. Mu fa mun fi kowa iya barin suna in an ce a bari."

"Waccan kunya ce, hajiya. Wannan fitsara."

"To ka yi shiru mana, dole ne? Ba a ce ka yi mata kirari ba."

"Mata? Iye! Admin ta zama lauya."

"Lauya kyauta ma. Khalas, a wuce wurin."

Wallahi na ji daɗin kaina ranar. Ƙawata ta turo min murya ta gefe tana dariya: "Ƙawas, kin kashe shi, kin binne." Na sa wayar a kunne na sake ji sau biyu.

Washegari na biya shagon Abba a Al Ras in karɓi saƙon Umma. Wurin na ƙamshin kanumfari da citta kamar kullum, ana ta ɗaure kwalaye. Abba ya ce in zauna. Ya miƙo min wayarsa, sai ga maganata, an ɗauki hotonta an zagaye da jan layi.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Ke, a kan bizata kike zaune. Ƙasar nan ba a wasa da abin da aka rubuta a waya, kin sani na sani. Sannan dubi can." Ya nuna shagon da ke kallon namu, a rufe rabi. "Bawan Allah nan ko jam'i bai iya fitowa ba yau. Ban ce ki zagi kowa ba. Amma kada in ƙara ganinki kusa da zancen nan."

Na ce, "To Abba."

Sati uku bayan nan ranar haihuwar ƙawata ta zo. Na haɗa fastar tun a gida, kuma yasin ta yi kyau: hoton da ta turo min cikin jar rigar sanyi, sunanta da ruwan gwal, kirari a ƙasa. Na shiga metro da ita a buɗe a hannuna. Daga Al Rigga har muka wuce tasha huɗu yatsana na kan wurin turawa. Ni da ake cewa ba na karanta abin da na rubuta kafin in tura.

Na cire hoton na sa kek. Na goge sunan. Na rubuta, "Barka da zagayowar ranar haihuwa ga ɗaya daga cikinmu." Na ce wa kaina ai wannan ma alkunya ce, ban kira tsohon ba, ban ja wa Abba magana ba, kowa ya tsira. Na tura.

Ɗan injiniyan ne ya fara amsawa. "Wa ke nan? Au, na gane." Ya rubuta tsohon sunan da addu'ar shiriya. Na biyu ya kwafa. Na uku ya kwafa. Haka layin ya tafi kamar yadda aka saba, mutum bayan mutum, wasu ma na tabbata ba mugunta ba ce, sun ga layi ne sun bi. Wata yarinya 'yar Nijar ce kawai ta saka hoton zuciya. Ina da ikon goge kowane saƙo a guruf ɗin. Ina tsaye riƙe da ƙarfen metro ina kallo, ban goge ko ɗaya ba.

Ta gefe ta rubuto min. "Na ga fasta."

"Habibti ki gane, Abba ne ya..."

"Na gane. Wallahi na gane, shi ya sa ba zan yi fushi ba. Amma shi ɗan injiniyan nan aƙalla ya san da wa yake faɗa. Ke wa kika yi wa bazde?"

Na fara rubutu na goge, na fara na goge. Na tura mata fastar farko, mai sunan. Ta ce, "Ta yi kyau." Kafin in sauka daga metro ɗan rubutun nan ya fito a guruf, cewa ta fita. Wani ya saka sitikar ɗaga hannu. Minti biyar bayan nan ana tambayar inda ake samun yaji mai kyau a unguwar Al Muraqqabat, kuma ni na ba da amsa.

Har yanzu ina mata magana ta gefe, da sunanta, kullum da sunanta, a inda ba mai gani. Takan amsa bayan kwana uku ko huɗu, gajere, yawanci da Turanci. Na daina turo mata labarin guruf don ba ta tambaya.

Kwanaki na sake zuwa shagon Abba, ban same shi ba, ya tafi wurin kwantena. Babanta na zaune a ƙofar nasa shagon. Na durƙusa na gaishe shi. Ya rame. Ya amsa, ya tambayi karatu, ya tambayi Umma, sannan ya kalli gefe ya rage murya.

"Yaron nan... har yanzu yana cikin abin naku na waya? Da ana nuna min in ya yi magana. An kwana biyu ba a nuna min ba."

Na ce, "A'a Baba, ya fita."

Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya yi min albarka, in gaida gida.