Ruwan da Zinariya Ta Ba Baƙo

Zinariya ta Unguwar Bube, a ƙasar Kankiya, daddawa take yi, kuma har ta koma ga Allah hannunta na dama a lanƙwashe yake kamar lauje. Masu cewa faɗowa ta yi daga kan ɗorawa ƙarya suke yi.

A zamanin Turawa aka haƙa rami a bayan garin da ke sama da su, wai ruwan majema da na mahauta ya taru dattin ya kwanta. A baki dabara ce. Amma da an ce Bature zai zo rangadi, sai Malam Labaran duba-gari ya sa a fasa bakin ramin, kada wari ya taɓa hancin Bature. Ƙazantar ta gangara rafi, rafin nan kuwa shi Unguwar Bube ke sha. Zawo ya ɗauke mata ɗanta Audi. Saura 'yarta Jamilatu, ita ma tana kwance ido ya faɗa.

Don rashin kunya, sai ga Labaran da ɗan doka, wai ya zo duba tsabtar randuna.

Zinariya ta cika ƙwarya da ruwan randarta, ta durƙusa. Ruwan kore shar, gashin akuya na yawo a kai.

"Maraba, ranka shi daɗe. Ga ruwa."

"Azumi nake."

"Da goro a kumatu? Baƙo ba shi ƙin ruwa, Malam. Audi ma bai ƙi ba."

Ya juya zai wuce. Ta miƙe ta cafki gemunsa, ta danna masa bakin ƙwarya har haƙori ya fita. Ɗan doka ya sauke mata kulki a hannu, ƙashi ya ce ƙas kamar kara. Ta sauya hannu. Da hagu ta shaƙe shi, ta kai shi ƙasa, ta dafe ƙirjinsa da gwiwa tana ɗura masa, ruwa da jini suna fita ta hanci. Bulala na tsaga mata baya, ita maƙogwaronsa kawai take kallo. Sai da ta ga ya haɗiye ta saki.

Kafin ɗan doka ya sake ɗaga hannu, mata sun fito da taɓare. A kan jaki aka mayar da Labaran da ɗan dokan gari.

An ɗaure ta, ba wanda ya ɗora hannun. Labaran kuwa ya sha kwanciya, zani ma sai an sauya masa. Da rangadi ya sake zagayowa, lebura ko ɗaya bai yarda ya taɓa ramin ba. Bature ya shaƙi abinsa, ya toshe hanci, ya ce a juya magudanar ta fuskanci fako. Wari rana ɗaya ya yi abin da gawar yaro ba ta yi ba.

Jamilatu ta tashi. Ita ta riƙa yi wa uwar daka, Zinariya na gefe tana mulmula daddawa da hagu.