Gafakar da Baba Sule Ya Ɗinka

Ranar wata Asabar ce a farkon watan Yuni na 1974, da misalin ƙarfe biyar na yamma, a gidan kakata da ke unguwar Kusfa cikin birnin Zariya. Mu uku ne a tsakar gida: ni, ina da shekara goma sha biyu, Iya, mahaifiyar babana, da Baba Sule, wan babana, wanda ya shigo daga zaure zai ɗauki buta. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara kaɗa zannuwan da ke kan igiya. A bakin ƙofar ɗakin Iya, a ƙasa, kusa da takalmana na roba, ga Littafi Mai Tsarki na babana a buɗe, inda na bar shi na ruga wasan carafke.

Babana, Haruna, ya zama Kirista a Wusasa tun yana saurayi, kuma daga ranar da aka yi masa baftisma Baba Sule bai sake yi masa magana ba. Shekara goma sha shida ke nan. Idan babana ya zo gaida Iya, ta zauren da wansa ke dukanci yake wucewa, ya yi sallama, Baba Sule ya ci gaba da huda fata bai ɗaga kai ba. Mahaifiyata ta rasu ina aji uku. Da aka tura babana kwas na aikin jinya a Legas, bai da inda zai bar ni sai wurin Iya. Ya bar mini littafinsa mai baƙin bango, ya ce in riƙa karantawa kowace safiya, in kuma riƙa zuwa ajin tabbatar da bangaskiya a majami'ar Wusasa kowace Lahadi har ranar da Bishop zai ɗora mana hannu mu fara karɓar Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a majami'a. Wata uku littafin yana ɓoye a akwatina. Sai na gama sharar tsakar gida, na ɗebo ruwa a rijiya, na ba awaki dusa, sannan in shiga ɗakin Iya in karanta a bayan gado. Baba Sule bai san yana gidan ba sai wannan yammaci.

Ya tsaya da buta a hannu ya ce, "Iya, wannan ba zai kwana biyu a gidan nan ba. In yarinyar ba ta iya rabuwa da shi, ta bi shi Wusasa." Ba ni da kowa a Wusasa da zai riƙe ni, kuma na san haka. Iya ta dubi littafin. Ta ajiye farantin da take tsince shinkafa, ta wanke hannu, ta sunkuya ta ɗauki littafin da hannu biyu, ta share ƙasar da ke bangonsa da gefen mayafinta. Ɗigon ruwa na farko a bayan hannunta ya sauka. Ta juyo gare ni.

"Ladi, sunan Allah yana ciki?"

"Yana ciki, Iya."

"Annabi Musa fa? Annabi Isa?"

"Duk suna ciki."

"To shi kika ajiye kusa da takalmi, ja'ira? Haka suke koya muku a can?"

Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ba fushi ba ne, tsoro ne irin na wanda ya ga yaro yana wasa a bakin rijiya. Sannan ta dubi Baba Sule ta ce ya ɗinka masa gafaka, irin jakar fatar da yake yi wa malamai su sa Alƙur'ani. Ya ce, "Iya, littafin nasu?" Ta ce, "Amanar ƙaninka ce, ni aka ba. Ba za ta wulaƙanta a gidana ba." Ya dire butar ya fita.

Washegari na bi hanyar da na saba, na fita ta Ƙofar Kuyambana, na ratsa gonakin da dawa ta fara tsiro, dutsen Kufena yana gabana baƙi wuluk da ruwan jiya. A tsohuwar majami'ar nan ta laka, mai sanyi kamar cikin randa, Malam Bulus mai koya mana ya ba mu labarin Musa da kurmin da ke cin wuta bai ƙone ba, da yadda aka umarce shi ya tuɓe takalmansa. Ya tambaye mu mene ne tsarki. 'Yan ajin suka ba da amsar da muka haddace. Ni kuwa hannuwan Iya kawai nake gani. Na haddace cewa Allah mai tsarki ne tun ina ƙarama, amma sai a jiyan na ga wani yana jin nauyin abin a jikinsa.

Kwana uku Baba Sule bai kula ni ba, ni kuma kowace safiya ina jiran a ce in haɗa kayana. Ranar Laraba ya kira ni zaure, ya ce in zo da littafin. Ni na riƙe, shi kuma ya auna tsawo da faɗi da kauri da zaren kaba, yana ƙulla shaida, yatsansa bai taɓa bangon ba ko sau ɗaya. Bayan mako guda ya sake kira na. Ga gafaka ta jar fatar akuya, da igiyar ratayawa, ɗinkin ƙanana a jere kamar haƙoran masara. Na yi ƙoƙarin sa littafin ya ƙi shiga, domin damina ta kumbura takardunsa. Ya dube ni ina fama, ya ja tsaki, ya tashi ya wanke hannu, ya ce, "Kawo nan."

Da ya karɓa, bangon ya buɗe. A ciki akwai wani rubutun ajami na hannun babana da na sha gani ban iya karantawa ba, don boko kaɗai na sani. Baba Sule kuwa bai san boko ba, amma allo ɗaya suka yi da ƙaninsa. Na ga leɓunansa suna motsi. A hankali ya karanta a fili: waɗanda nake yi wa addu'a kowace safiya. Na farko Iya. Na biyu Yaya Sulaimanu. Tawadar ta koɗe ƙwarai, alamar rubutun ya daɗe. Ina jin tattabaru a kan soro. Sannan ya rufe littafin, ya sassauta bakin gafakar da basilla, ya zura shi, ya rataya mini a wuya. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kada in sake ganinsa a ƙasa."

A watan Nuwamba na durƙusa gaban Bishop da gafakar a wuyana. Yau jikokina a waya suke karanta Littafi Mai Tsarki, wayar da suke jefawa kan kujera, su shiga da ita ko'ina. Ba na hana su, Maganar Allah ba ta sauya ba. Sai dai har yanzu ni ba na iya buɗe nawa ban wanke hannu ba, kuma wata tsohuwa mai salla biyar ce ta koya mini.

Babana ya dawo daga Legas ana saura kwana huɗu Kirsimeti. Ya ga gafakar, ya juya ta, ya gane ɗinkin. Ya nufi zaure ya yi sallama kamar kullum. Baba Sule ya ɗaga kai ya ce, "Haruna, an dawo lafiya?" Babu wanda ya bar addininsa a cikinsu. Daga wannan rana har rasuwar Baba Sule, duk sanda babana ya shigo birni, a kwano ɗaya suke cin tuwo.