Ƙafafun Maigidana da Kamfanin Inshora

Maigidana mutum ne da ko wuta ke cin rigarsa, ka ce masa ya jiki, zai ce maka da sauƙi. Haka aka tarbiyyantar da mu duka, amma shi nasa ya yi yawa. Shekara da shekaru yana aikin rediyo a nan Landan, daga kujerar situdiyo sai kujerar jirgin ƙasa zuwa gidanmu a Woolwich. Ƙiba ta yi ta hawa har ta jawo ciwon suga, gwiwoyi suka ƙi, salla ta koma kan kujera. Likitanmu ya ce sai an yi masa tiyatar rage ƙiba, layin asibitin gwamnati kuwa ba ranar ƙarewa. Sai muka tuna wurin aikinsa na da inshorar lafiya.

Ban taɓa ganin masu mugunta cikin ladabi irin kamfanin nan ba. Kowace waya da "muna tare da ku" suke farawa, sannan su bar ka da kiɗa a kunne har shayinka ya huce. Suka ce sai nas ɗinsu ta tantance ko ƙibar na hana shi rayuwa, kamar don ado mutum zai kai cikinsa a yanka.

Ranar tantancewar ya ci babbar riga, ya fesa turare, ya tafi shi kaɗai. Da ya dawo na ce, "Malam, me ta tambaye ka?"

"Ta ce ya nake fama. Na ce alhamdulillahi, I'm managing."

"Hawa bene fa?"

"Na ce muna lallaɓawa. Hajiya, so kike in zauna gaban 'yar cikina ina kai ƙarar Ubangiji?"

Ba a jima ba suka ƙi amincewa. Wai mara lafiya da bakinsa ya ce yana iya komai. Sakamakon gwajin jini na gabansu, bayanin likita na gabansu, amma amsar gaisuwa suka kama suka riƙe.

Muka ɗaukaka ƙara. Wannan karon na bi shi ofishinsu kusa da Charing Cross, inda suka jera kujeru masu hannu waɗanda ba mai ƙibar da zai iya shiga. A wurin tantance masu ƙiba fa. Ya tsaya a tsaye yana murmushi. Nas ɗin ta sake tambayarsa, na ga bakinsa ya fara haɗa amsar nan tasa, sai na riga shi.

Na ce mata ba ya iya sunkuyawa. Ni ke wanke masa ƙafa in zai yi alwala, ni ke sa masa safa, ni ke yanke masa farce, ko 'ya'yanmu ba su sani ba don ƙofa muke rufewa. Na ce rabon goshinsa da ƙasa tun autarmu na firamare. Ta yi ta bugawa a kwamfuta tana gyaɗa kai, kamar mai cefanen da ta dace da abin da ta zo nema. Ta ce, "That's very helpful." Wai bayanin nawa ya taimaka ƙwarai. Abin da suke so ke nan tun farko, a tone asirin dattijo a gabansu.

Shi kuwa, hularsa ya cire yana kallon cikin hular.

Har jirgi ya kawo mu Woolwich bai dube ni ba. Na ji haushinsu, na ji haushinsa, tausayinsa kuma ya cika min ƙirji. Da muka fito tasha ya ce a hankali, "Tsakanina da ke ne wannan, Hajiya."

Sun amince. Har da bugo waya suna taya mu murna, marasa kunya. Da la'asar ɗin ranar na ɗauko buta da roba kamar kullum, na tarar ya kulle banɗaki ta ciki. Ina tsaye a ƙofa ina jin nishinsa, yana kokawar kai hannu ƙafa, ruwa na ta zuba a ƙasa.

Na ƙwanƙwasa na ce, "Malam, ya dai?"

Ya ce, "Da sauƙi."