Yadda Na Kai Kwalbar Giya Daga Bowie Zuwa Manassas

Bowie, ƙarfe biyar da rabi na asuba

Wata Asabar a shekarar 2012, ina idar da salla na naɗe kwalbar cikin tsohon tawul, na tura ta but ɗin mota. Jar giyar inabi ce daga Sifaniya. Wani dattijo da nake duba wa ciwon zuciya, Anselmo, shi ya aiko mini da ita asibiti don godiya, haɗe da 'yar wasiƙa: ta gonar gidansu ce, mahaifinsa ya dasa inabin, ƙanensa ya matse, ta shekara biyu cikin gangar itacen oak. Ni kuwa tunda nake ban taɓa wuce zoɓo ba. Sati uku tana ɓoye bayan buhun shinkafa, ga shi washegari surukata za ta sauka daga Kano, kuma Hajiya duk gidan da ta shiga da sito take fara gaisawa.

"Baban Hanifa, ka tuttular da ita mana," in ji matata.

"Kyautar dattijo ce, hannuna ba zai iya ba."

"To kada dai ta kwana a gidan nan."

Silver Spring, shida da minti goma

Mil ashirin, hanya fayau. Na sauka wajen abokina Isuhu, ɗan Damagaram mai aikin rediyo, da fatan ya miƙa wa wani maƙwabcinsa da ba Musulmi ba. Ya soya mini ƙwai, ya haɗa shayi, ya saurare ni tsaf, sannan ya kira ni likita da harshen mutanen Nijar:

"Lokotoro, mai sha da mai ɗauka da mai miƙawa duk sahu ɗaya suke. Kai ka riga ka shiga, shi ne kake nema mini wuri kusa da kai? Mayar wa mai ita."

Ya rako ni har mota, amma bai yarda ya matsa kusa da but ba.

Kan hanya

Bakwai da rabi na hau babban titin da ya zagaye Washington. Bayan na haye kogi na shiga Virginia, motar 'yan sanda ta biyo ni kusan mil goma. Ba laifin da na yi, amma na dinga hango hotona a jarida, da hula da carbi da kwalba. Babu addu'ar da ban karanta ba. Daga bisani suka wuce, ko kallo ban ishe su ba.

Manassas, tara saura kwata

Anselmo da kansa ya buɗe ƙofa. Na yi ta kame-kame, ina bayanin addini, ina tsoron ya ji na raina kyautarsa. Ina! Sai ya rungume kwalbar kamar jikan da ya ɓata aka gano. Nan matarsa Pilar ta fito daga kicin, ta dubi kwalba, ta dube ni.

"Likita, ba kai ka hana shi sha ba? Wata biyu ina fama kafin ya yarda ta bar gidan nan. Ni na zaɓe ka, don na ɗauka daga hannunka ba ta dawowa!"

"Likita ne ya kawo da hannunsa, Pilar," in ji tsohon. "Ai ta zama magani."

Ta fizge ta, ta ce a miyar nama za ta zuba ta ranar Lahadi, kuma ina cikin waɗanda aka gayyata. Na ce ina da baƙuwa, na yi sallama.

Komawa gida

Sha ɗaya da rabi na iso Bowie, but ba komai sai tawul. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Isuhu da ƙwai da fatawa. Anselmo ma na gode masa, duk da cewa ranar Litinin na tarar da shi a ɗakin jira yana shaida wa sauran majinyata cewa a duk Amurka ni kaɗai ne likitan da ke kai magani har gida.