Amanar Gidan Malam Isa

Ni dillalin gidaje ne a Tudun Wada, a shekarun da jirgin ƙasa ya fara shigowa Zariya. Baƙi na ta sauka, kowa na neman matsuguni, ni kuwa babu lungun da ban sani ba. A lokacin ban taɓa cin haƙƙin kowa ba.

Abin da ya fara ɓata mini zuciya, sai in wuni ina yawo da mutum cikin rana, in haɗa shi da mai gida, su zagaye ni su gama ciniki, a hana ni la'ada. Sai na soma ƙara wani abu a kan farashi a ɓoye, ina ce wa raina gumina nake ɗauka.

Ana nan, maƙwabcina Malam Isa maɗinki ya yi shirin tafiya Makka a ƙasa. Ya kira ni zaure ya ce, "Ga gidana, ga mahaifiyata. Ka zuba 'yan haya, ka ciyar da Inna. Ba ni da abin sallamarka sai na dawo." Na ce, "Na karɓa, Malam."

Shekaru suka shuɗe ina tara haya, ina yaɓen katanga, ko anini bai shiga aljihuna ba. Sai wani mai sayen auduga ya ga gidan ya yaba. Na je na durƙusa gaban tsohuwar, na ce labari ya iso, Isa ya rasu a hanya, ya kuma bar bashi. Ta ce, "Ɗan nan, sayar a sauke masa nauyi." Na sayar masa da gidan, na riƙe kuɗin. Ita kuma ta koma wurin wata 'yar'uwarta. Abinci ya daina shiga bakinta. Kafin lokacin kaka ta rasu, tana sa mini albarka.

Daga baya Alhaji Isa ya dawo da ransa. Asirina ya tonu, magana ta kai gaban alƙali, amma bai yi zancen kuɗi ba. Ya dube ni ya ce, "Da gidan ka roƙa, da na ba ka. Don me ka ce mata na mutu?" Dogarai suka wuce da ni gidan yari.

Da na fito na tafi neman gafararsa, aka ce ya bar garin, ba wanda ya san inda ya nufa. Na tuba ga Allah, amma wanda zai yafe mini ban same shi ba.

Samari, in an hana ku ladan aikinku, ku faɗa a fili, ko ku mayar wa mai amana amanarsa. Kada ku biya kanku da hannunku. Ni na yi, har yau ba na iya bi ta ƙofar gidan nan.