Muntari Mai Layi da Auren Kan Dutse

Duk wanda ya zauna a ƙauyen nan na gefen Kahu ya san ranar da aka ɗora Liman a bayan babur, yana riƙe da rawaninsa hannu bibbiyu, aka hau da shi kan dutse don a ɗaura aure. Kuma duk wanda ya san ranar ya san wanda ake jingina wa ita, wato Malam Muntari Mai Layi, ko da yake shi har gobe cewa yake ba shi ya tuƙa babur ɗin ba.

Auren Nuriyya ne, marainiya, baffanta Salahuddeen ne waliyyinta. Shi kuwa direban tirela ne, mota ta lalace masa a hanyar Fatakwal ana jajibirin biki. Liman ya ce ba komai, ya wakilta wani ta waya, muddin shaidu za su ji da kunnensu. Dangin ango suka zo tun daga Yalwa ta Rano, aka shimfiɗa musu tabarmi a ƙofar ofishin ƙungiyar manoma, domin nan kaɗai waya ke kamawa a ƙauyen, albarkacin akwatin waifai mai raba intanet da ƙungiya ta kafa. Mahdi, yayan amarya, ya kira baffan, ya ɗaga wayar sama don kowa ya ji. Aka yi sallama lafiya lau. Da aka zo kan maganar da ta tara mutane, sai muryar baffan ta fara zuwa guntu-guntu kamar ana yanka kuɓewa, daga nan ta ɗauke. Aka sake kira, ta sake ɗaukewa. Aka kira har Mahdi ya gaji da ɗaga hannu, inuwar darbejiya ta gusa, rana ta sauka kan baƙi. Liman ya ce shi ba zai ɗaura aure da rabin magana ba. Ƙarshenta aka kwashi Liman da shaidu da wakilin ango a babura zuwa dutsen da ke bakin hanya, inda sabis ɗin kamfani ke ɗan leƙowa, a can aka ji wakilcin, a can aka shafa fatiha. Waɗanda aka bari a kan tabarmi goro kawai suka gani.

Mabuɗin ofishin da lambar sirrin akwatin duk a hannun Muntari suke, don haka kafin la'asar kowa ya san mai laifi.

Kafin akwatin nan ya shigo rayuwarsa, Muntari ya yi shekaru a tashar 'yan acaɓa ta Rurum, shi ne mai ba da layi. Ba ya hawa, ba ya gyara, aikinsa ya san wanda ya fara zuwa da wanda ke biye. Mutum ne mai haƙuri a komai, kana iya taka masa ƙafa ya ce maka sannu, amma ka tsallake layi a gabansa sai ka ga wuyansa ya kumbura. Ƙanin matarsa ya taɓa ɗaukar fasinja ba layinsa ba, Muntari ya zare masa makulli ya zauna a kai har azahar. Da ciwon gwiwa ya mayar da shi gida, sai ya rasa abin da zai yi wa faɗa in ban da awaki. Saboda haka ranar da ƙungiya ta kafa dogon ƙarfe da sola da akwati, aka ce a nemi amintacce ya riƙe, babu wanda ya kawo sunan wani.

Wanda ya haɗa kayan wani matashin injiniya ne daga Kano, Adnan. Ya zaunar da Muntari ya yi masa bayani yadda zai gane.

"Baba, hanyar nan ƙofa ɗaya ce, kuma ba ta da faɗi. Duk abin da waya za ta aika ko ta karɓa, murya ko hoto ko bidiyo, yayyanka shi ake yi ƙulli-ƙulli, su zo bakin ƙofa su yi layi. Akwatin nan shi ke cewa wane ƙulli zai fara wucewa."

Jin kalmar layi, Muntari ya gyara zama.

"Murya ba ta iya jira," in ji Adnan. "In ƙullinta ya makara, magana ta tsinke. Bidiyo kuwa ko ya wuni a layi ba abin da zai same shi. Shi ya sa na sa murya a gaba."

"Muryar wa?"

"Ta kowa, Baba."

"Ta kowa. Wato Alhaji Gajere, shugaban ƙungiyar nan, yana tsaye da wayarsa, sai yaron da ko gemu bai tsiro ba ya zo ya wuce shi don zai gaida budurwa?"

"Baba, akwatin bai san shekaru ba."

"To ai shi ya sa aka kawo ni."

Adnan ya yi ƙoƙari. Amma mutum ne mai tarbiyya, ga sa'an mahaifinsa ya kafe, ga motar Kano na shirin tashi. Ya nuna masa cewa ana iya jera wayoyin kansu hawa uku, sama da tsakiya da ƙasa, ya ce Allah ya kiyaye, ya tafi.

Muntari ya yi jerin nan da natsuwar mai rabon gado. Liman da Alhaji Gajere da sauran dattawa a sama. Tsofaffin mata su ma a sama, don bai manta wadda ta goya shi ba. Magidanta a tsakiya. Samari da 'yan mata a ƙasa. Wayarsa shi kansa ya jefa ta can ƙasan ƙasa, don kada a ce ya yi son kai. In samari sun zo suna ƙorafin kiransu na yankewa, sai ya dube su ya ce in sun girma za su ji daɗinsa.

Bayan auren kan dutse gari ya ɗauki zance. Dangin ango sun koma Yalwa suna cewa sun je ɗaurin aure sun ga tseren babura. Alhaji Gajere ya fi kowa zafi. Ya ce an kunyata ƙungiya a gaban baƙi, ya sa ranar taro, ya ce a ranar za a karɓi mabuɗi a ba wanda ya san zamani.

Mabuɗin nan ba albashi ne da shi ba. Amma Muntari ya yi rayuwarsa duka a kan suna ɗaya, cewa ba a taɓa zaluntar kowa a layinsa ba, ga shi yanzu za a karɓe abu a hannunsa a gaban jama'a a kan ya hana marainiya layinta. Ya daina cin abinci sosai. Matarsa Indo ta ajiye masa tuwo ta ce, "Malam, ka ci. Ko sai na jira dattawa sun fara?"

Ya aika a kira Adnan. Ranar kasuwar Kibiya yaron ya zo, ya buɗe shafin akwatin a wayarsa, ya koma ranar bikin.

"Baba, ga ta nan. Waya ɗaya ce daga cikin na sama. Tun da aka zauna take jan bidiyo, manya-manya, ɗaya na bin ɗaya. Da alama mai ita ma bai sani ba, irin wanda ake turowa a zauren hira na waya ne, ita kuma ta sauke da kanta. Ita akwatin ke buɗe wa ƙofa, wayar Mahdi kuwa sai abin da ya rage."

"Ta wa ce?"

Adnan ya juyo masa da fuskar wayar. Muntari ya karanta sunan da shi da kansa ya sa aka rubuta a sahun farko.

A nan ya tuna da wani abu. Ba sau ɗaya ba ya wuce ta zauren Alhaji Gajere da hantsi ya ji kiɗan 'yan dambe na tashi ƙasa-ƙasa, yana yin sallama kiɗan ya mutu. Alhajin nan kuwa shi ne wanda ba ya tashi daga taro sai ya yi wa samari wa'azi a kan kallon shirme a waya. Ranar ɗaurin auren yana sahun gaba, babbar riga ta sha guga, yana ta tsaki yana cewa wane irin sakarci ne wannan, ashe 'yan dambensa ne a aljihu suke ta shigowa ɗaya bayan ɗaya, muryar baffan amarya na tsaye a layi a bakin ƙofa.

Muntari ya miƙe, ya manta da gwiwa, ya zagaya ofishin yana huci.

"Dambe," ya ce. "Na tsayar da waliyyi a rana don 'yan dambe su wuce. Ni da na taɓa sauke buhun masarar sarkin tasha daga kan babur don a ɗauki mai naƙuda. A Rurum ko yaron da ya zo jiya ya san mara lafiya ba ya jiran kaya. Me ya shiga kaina?"

Adnan bai ce ai na faɗa maka ba. Ya dai tambaya ko a mayar da akwatin yadda yake da farko.

"Mayar. Murya gaba, ko ta wa ce. Saƙo a biye. Bidiyo ya tsaya a baya ya jira, ko na uban wa ne. Kuma sunan nan da ka nuna mini, ba ka gan shi ba."

Ranar taro ofishin ya cika har taga. Alhaji Gajere ya buɗe da addu'a, sannan ya yi dogon jawabi a kan amana da mutuncin gari, ya ce a miƙo mabuɗi. Muntari ya tashi, mabuɗin a hannunsa, bai miƙa ba.

"Alhaji, a bar ni in faɗi kalma biyu. Laifin nawa ne. Injiniya ya tsara abu daidai, na rushe, na ce sai an girmama manya. Ashe waya ba ta da furfura. Mai ita ne dattijo, ita kuwa ba ta san kunya ba, abin da aka turo mata shi take haɗiya." Ya numfasa, wuyan nan ya fara kumbura. "Ranar nan waya ɗaya ce ta cinye hanya, kuma daga sahun sama take. An nuna mini ita. Na san mai ita, na san kuma abin da take saukewa, har kiɗan na sani. Yarinya marainiya, ranar da ba za ta maimaitu ba, aka kai aurenta kan dutse kamar na gudun hijira, saboda wani bawan Allah na son ya ga wa ya kayar da wa."

Dattawa suka fara satar kallon juna, kowa ya dafe aljihunsa. Wani daga baya ya ce a faɗi sunan.

"Ba zan faɗa ba. Ban girma da tona asirin babba ba, kuma ba yau zan fara ba. In an karɓi mabuɗin, wanda aka ba shi zai buɗe ya gani da idonsa, wannan kuma ba ruwana."

Yana maganar yana kallon rufin kwano. Alhaji Gajere ya yi gyaran murya, ya gyara hula, ya sake gyara ta.

"To," ya ce, "jama'a, ni a ganina tunda mutum ya amsa kuskurensa, kuma ya riga ya gyara, canje-canjen hannu ba shi da amfani. Malam Muntari ya san aikin nan. A bar masa."

Liman, wanda ƙugunsa bai gama warkewa daga hawan dutse ba, ya dubi Alhaji ya daɗe, sannan ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Tun daga ranar kira bai ƙara yankewa a ƙofar ofishin ba, sai in hadari ya rufe sola ko sabis ɗin ya ɗauke daga can tushe. Mai awara na kiran mai kawo mata waken suya daga Rano, muryarta ta wuce gaban kowa. Dattawa kuwa bidiyonsu ya koma tafiyar jaki mai kaya. Wasu sun zo ƙorafi, Muntari ya tambaye su da ladabi wane irin bidiyo ne ya makale, ko zai iya taimakawa, sai su ce a'a, ba komai, dama wa'azi ne, zai iya jira. Alhaji Gajere bai taɓa zuwa ba. An dai lura yanzu da sassafe yake aiko a ajiye masa waya kusa da akwatin, lokacin da mutane ke gona, hanya ba kowa.

Fushin Muntari bai tafi ba, wuri kawai ya sauya. Yanzu in ya ga wani ya buɗe kallo alhali wata tsohuwa na ƙoƙarin jin muryar ɗanta, ko da ya san akwatin zai yi aikinsa, sai ya tsaya a kansa yana harara har ya kashe.

Tsokana kam ba a fasa ba. Rannan Mahdi ya zo wucewa da abokansa, ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce, "Baba Muntari, nawa auren ya kusa. In tanadi babura nawa na kai Liman dutse?"

Muntari ya dube shi sama da ƙasa.

"Ba ko ɗaya. Waliyyin amaryarka ko a tsakiyar teku yake za a ji shi tas, har tarinsa. Kai dai ka fara samo wadda za ta amsa in ka kira, wannan akwatina ba ya iya yi maka shi."